Littafin Aiki: Farfaɗo da Ƙungiyar Ƙwallon Kwandon Kwalejinmu

14 Oktoba 2024

Yau kwamitin wasanni na kwalejinmu ya damƙa mini ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan, don amfanin 'yan'uwana masu horarwa a sauran kwalejojin ilimi da ke fama da irin larurarmu, kuma don wanda zai gaje ni wata rana ya tarar da abu a rubuce.

Ga abin da aka miƙo mini: mabuɗin sito, ƙwallaye uku da suka suɗe har ba a ganin zanen jikinsu, riguna da ba su cika saiti ba, sai takarda mai ɗauke da sunayen 'yan wasa. Da na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kusan rabi sun gama makaranta sun tafi, wasu kuma suna ƙauyuka suna TP, wato koyarwar gwaji. Ƙungiyar ta daɗe rabonta da cin wasa a waje, kuma ko zagayen share fage na NICEGA, gasar wasannin kwalejojin ilimi ta ƙasa, aka je, zuwa kawai ake yi a dawo.

A ɗakin malamai ana cewa ba mu da yara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili bayan la'asar ya san ba haka ba ne. Akwai dogaye, akwai masu gudu, akwai masu hannu. Abin da babu shi ne mutum biyar da suka taɓa yin shekara guda suna wasa tare. Karatun NCE shekara uku ne. Abin da aka saba, idan gasa ta matso saura mako biyu ko uku, sai a tattaro 'yan ajin ƙarshe tunda su ne manya, a sa musu riga, a zuba su a mota. Suna dawowa sai jarrabawa, sai sallama. Baɗi a sake tattaro wasu. Kullum daga farko ake somawa, shi ya sa ba a taɓa wuce farkon ba.

Saboda haka abu ɗaya na sa a gaba: in samo yara 'yan aji ɗaya da aji biyu, in riƙe su har su gama, su kuma koya wa na bayansu kafin su tafi. Na faɗa wa shugaban kwamiti baki da baki: "Ranka ya daɗe, bana kada a tambaye ni kofi. A tambaye ni mutum nawa suka rage cikin waɗanda na fara da su." Ya ce ya ji, Allah ya taimaka.

21 Oktoba

Na aro tef daga sashen fasaha, ni da kyaftin muka auna fili. Tsawo mita 28, faɗi mita 15, wannan daidai yake. Zanen ciki ne matsalar. Akwatin ƙarƙashin kwando har yanzu tsohon fasali ne, mai faɗi daga gindi ya tsuke wajen layin firi-turo (jifan kyauta bayan faul), layin maki uku kuma yana kan mita 6.25. Tun watan Oktoba na 2010 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta sauya waɗannan: akwati ya koma mai kusurwa huɗu, faɗinsa mita 4.9, tsawonsa 5.8, layin maki uku ya ja baya zuwa 6.75. Ke nan shekara goma sha huɗu yaranmu suna jefa ƙwallo daga inda suke zaton maki uku ne, alhali a kowane fili na kirki maki biyu za a rubuta musu. Rabin mita a ido ba komai ba ne, amma a hannun mai jifa tafiya ce mai nisa.

Zoben gabas kuma ya sunkuya. Ƙa'ida mita 3.05 daga ƙasa, namu ya sauko da kusan yatsu huɗu saboda yaran gari da ke lilo a jikinsa. Yaron da hannunsa ya saba da wannan zobe, in ya je filin wasu, jifansa bakin zobe zai riƙa dukawa ya dawo, ya rasa dalili.

Mai walda ya ɗaga zoben ya ƙara masa ƙarfe ta baya. Zane kuwa da kanmu muka yi. Aka saki igiya mai dutse daga tsakiyar zobe don a sami daidai wurin da ke ƙarƙashinsa, aka kafa ƙusa a nan, aka ɗaura wata igiyar mai tsawon 6.75 da alli a bakinta, aka zagaya. A kusurwa biyun, layin ba ya bin da'ira, miƙewa yake yi ya bar tazarar santimita 90 daga layin gefe. Kaurin kowane layi santimita 5. Tsohon zanen muka shafe shi da baƙin fenti don kada ya rikita ido. Kuɗin fenti daga aljihun malamai biyu na sashenmu ya fito, Allah ya saka musu.

30 Oktoba

An yi gwajin zaɓen 'yan wasa. Na liƙa sanarwa a ɗakunan kwana da bakin masallaci da coci, na rubuta cewa ba sai wanda ya taɓa wasa ba. Jama'a sun zo fiye da zatona. Na ɗauki sha biyar: tara 'yan aji ɗaya, huɗu 'yan aji biyu, biyu 'yan ajin ƙarshe.

Wannan rabo bai yi wa manyan daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Biyu daga cikin waɗanda na bari sun fi yawancin waɗanda na ɗauka iya wasa a yau ɗin nan. Ɗayansu ya tare ni a bakin sito, ransa a ɓace: "Koci, wannan dogon ko diribil bai iya ba, ni kuwa shekarata biyu ina sa rigar nan." Na ce masa gaskiya ya faɗa. Na ce amma kai watanni suka rage maka, shi shekara uku ke gabansa. Na roƙe shi ya riƙa zuwa yana taya ni koya wa ƙananan, kuma ya amince bayan ya huce.

Ba ni na ƙirƙiro wannan dabara ba. A Amurka, inda ƙwallon kwando na jami'o'i ke cika ɗakin wasa maƙil, Mike Krzyzewski ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Duke a 1980. A shekarunsa uku na farko wasa 38 ya ci, aka cinye shi 47, har magoya baya suka fara kiran a kore shi. A 1982 ya ɗauko wasu sababbin ɗalibai, irin su Johnny Dawkins da Mark Alarie da Jay Bilas, ya jefa su cikin wasa tun suna ɗanye. Kakarsu ta farko sau 11 suka yi nasara, aka doke su sau 17. Waɗannan yaran dai, da suka kai ajin ƙarshe a 1986, wasa 37 suka ci, uku kacal suka rasa, suka kai wasan ƙarshe na ƙasa. Mutanen ba su canza ba, shekara huɗu da suka yi tare ce ta yi aikin. Mu uku gare mu, cikin ukun ma TP na cinye zango guda, don haka ba mu da ranar ɓatawa.

Dogon da ake magana ɗan aji ɗaya ne a sashen lissafi. Ya kusa mita biyu, bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba sai makon jiya. Amma na lura da abu ɗaya: in ƙwallo ta bugi zobe, kafin sauran su ɗaga kai shi ya riga ya san inda za ta faɗo. Wannan ba kowa ake koya wa ba.

9 Nuwamba

Takalma. Rabin yaran da takalmin ƙwallon ƙafa na roba suke zuwa, wasu da kambas mai sirin tafi. A kan siminti wannan targaɗe yake jawowa, kuma har mun sami biyu. Na bi su kasuwar 'yan gwanjo muka zaɓo masu kama idon sawu, muna murɗa tafin muna duba ko ya tsage. An san John Wooden, tsohon kocin jami'ar UCLA a Amurka, da cewa darasinsa na farko ga sababbin 'yan wasa shi ne yadda ake sa safa ba tare da ta naɗe ba, don gudun bororo. Da na ga tafin ƙafar mai raba mana ƙwallo ya saɓule, na zaunar da kowa a ƙasa muka yi wannan darasin mu ma.

Na kafa doka ɗaya tak: wanda bai zo atisaye ba, kuma bai aiko da uzuri kafin lokaci ba, ba zai sa riga a wasa na gaba ba, ko shi ne ya fi kowa.

23 Nuwamba

Wasan sada zumunta na farko, da wata makarantar kimiyya da fasaha da ke maƙwabtaka da mu. Sun lallasa mu, tazarar ta haura maki talatin. Tun kwata na biyu gwiwar yaran ta yi sanyi, a mota kuwa babu mai cewa uffan.

Na sa ɗalibai biyu a gefe da takarda da biro, ba don rubuta maki ba, wannan aikin tebur ne. Abu huɗu na ce su ƙirga. Wani masanin lissafin wasan a Amurka, Dean Oliver, ya nuna cewa cin wasa yana rataye ne a kan abubuwa huɗu, har ya ba kowanne nauyinsa: ingancin jifa kashi 40 cikin ɗari, zubar da ƙwallo kashi 25, ribaun (cafke ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba) kashi 20, firi-turo kashi 15. Abin da ya burge ni da wannan rabon shi ne, kashi 60 daga ciki ba sa buƙatar baiwar jifa. Riƙe ƙwallo, tare mutum da bayanka in ƙwallo na sama, da tsayawa a layi ka jefa babu mai taɓa ka, duk abubuwa ne da naci ke kawowa.

Da na zauna da takardun da daddare, abin ya fito fili. Kusan duk hari uku da muka kai, ɗaya ya mutu tun ba mu jefa ba: fas a hannun abokin gaba, tafiya da ƙwallo, ko daƙiƙa 8 ta cika ba mu tsallake rabin fili ba. Da suka gane haka sai suka matsa mana tun daga gindin kwandonmu, kowace ƙwallo suka ƙwace leyof ce, wato jifa daga gindin kwando, a ɓagas. Firi-turo ko rabi ba mu ci ba. Ribaun ne kawai muka yi kusan kunnen doki, albarkacin dogon nan, duk da ya fita da faul biyar tun kwata na uku bai ƙare ba, don duk wanda ya ɗaga hannu sai ya yi tsalle ya bi shi.

Washegari na nuna musu takardun. Na ce ba jifa ya kayar da mu ba, kyautar ƙwallo muka yi ta yi. Na ga fuskokinsu sun ɗan saki. Yaro in ka ce masa an fi shi, ba shi da abin yi. In ka ce masa ga abin da ya zubar da hannunsa, ya san inda zai kama.

Daga yau rabin atisaye fas ne a ƙarƙashin matsi: mutum huɗu su fito da ƙwallo, biyar na tare su, ba a yarda da diribil ba. Kuma ba mai tafiya ɗaki sai ya ci firi-turo goma, a gajiye, bayan gudu, don a wasa ma a gajiye ake jefa ta.

14 Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Ƙura na kwanciya a kan siminti ta mai da shi santsi, sai an share an bi da jiƙaƙƙen buhu kafin a fara. Yatsun yara na tsagewa, kowa da man kaɗanya a jaka. Atisayen asuba na ɗage shi zuwa yamma saboda masu tari.

Makonnin nan tsaro muke ginawa. Tsohuwar ƙungiyar zon kawai ta sani, wato tsaron wuri maimakon mutum, biyu a gaba uku a baya, kowa ya tsaya a wurinsa ya ɗaga hannu. Zon ba laifi ba ne, amma wanda bai iya tsare mutum ɗaya ba, zon ɗinsa ɓuya ce kawai. Man-tu-man na cika fili kuma ƙafafunmu ba su kai ba tukuna. Sai na ɗauko tsarin da Dick Bennett ya shahara da shi, wanda ɗansa Tony Bennett ya ci kofin ƙasa da shi a Jami'ar Virginia a 2019. Ana zana wani layi a cikin layin maki uku, kimanin mita biyar daga kwando. Mutum ɗaya ne ke fita ya matsa wa mai ƙwallo, sauran huɗun ba sa ƙetare wannan layi, suna tsaye a ratar da mai kutsowa zai bi. Kamar darnin lambu ne: ba ka bin akuya cikin daji, ƙofar da za ta shigo kake toshewa. In ƙwallo ta koma hannun mutuminka, ka ruga da gajerun taku, hannu a sama, wanda ya bari kuma ya koma ciki.

Na zana layin da alli. Abin da ya fi ba su wuya ba gudun ba ne, magana ce. Tsaron nan ba ya yiwuwa a shiru, dole na baya ya riƙa faɗa wa na gaba abin da ke zuwa. Yaranmu kuwa tarbiyyarsu ta hana ƙarami ɗaga wa babba murya. Ɗan aji ɗaya zai ga ana shirin tare kyaftin ta baya, ya yi gum. Sai da kyaftin ya tsayar da wasa da kansa ya ce masa: "Ƙanena, a cikin filin nan in ba ka daka mini tsawa ba, cutata ka yi." Tun daga ranar fili ya fara ɗaukar hayaniya.

18 Janairu 2025

An dawo hutu, dogon bai dawo ba. Wayarsa a kashe. Wani ɗan garinsu ya ce mini kuɗin rajista ne bai haɗu ba, kuma mahaifinsa ya ji labarin wasa yake yi a makaranta, ya ce gara ya zauna ya ja Keke Napep ɗin yayansa.

Na hau mota na je. Na sami dattijon a zaure yana gyaran buhunan gero. Muka gaisa, aka kawo ruwa, muka taɓa zancen amfanin gona da tsadar taki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, ya ce: "Malam, ni karatu na tura shi. Tumaki na sayar. In tsalle-tsalle ne, ai ga fili nan a ƙofar gida." Na ce: "Baba, gaskiyarka. Ni ma malaminsa ne kafin in zama kocinsa. Ba zan ce maka wasan nan zai ba shi abinci ba. Alƙawarin da zan yi maka shi ne, duk ranar da sakamakonsa ya yi ƙasa, ni da hannuna zan karɓe rigar, kuma kowane zango zan aiko maka da takardarsa ka sa a karanta maka." Ya yi shiru yana ɗaure bakin buhu. Can ya ce to, amanarsa tana wuyana. Na ce na ɗauka.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Cikin sha biyar ɗin nan, ba wanda wata makaranta za ta zo ta saye daga hannuna. Abubuwan da za su raba ni da su huɗu ne: kuɗin makaranta, kariyoba, yunwa, da iyayen da ba wanda ya je ya yi musu bayani. Duka huɗun a wajen fili suke. Koci a Amurka yana da guraben karatu kyauta da zai raba, yana da ofishi guda da ke bin karatun 'yan wasansa. Mu nan mutum ɗaya ne zai yi duka, ko kuwa a rasa yaran.

Abin da na yi: na buɗe zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan wasan kwalejin. Yawancinsu malaman firamare da sakandare ne yanzu, albashin bai taka kara ya karya ba, amma da na faɗi halin da ake ciki, kafin mako ya zagayo cikon kuɗin rajistar ya haɗu. Mun tsayar da asusu, kowa abin da ya sauwaƙa a ƙarshen wata, ma'aji daban, ni ba na taɓa kuɗin. Na biyu, daren Talata da Alhamis kowa zai hallara a aji guda da littattafansa, sa'a biyu, ina zaune. Dogon ma shi ke koya wa sauran lissafi. Na uku, bayan atisaye akwai kunu da ƙosai daga asusun, don na gano akwai masu zuwa fili ba su ci komai ba tun karin safe.

8 Fabrairu

Ɗalibai mata shida sun same ni a ofis, sun ce su ma suna son fili. Wadda ta yi magana a madadinsu ta ce tun da suka kalli D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, a gasar Olamfik ta Faris a bara abin ke ransu. Suna da hujja: 'yan matan nan sun doke Ostireliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik, kuma mace ce kocinsu, Rena Wakama. Tambayarsu ta biyu a kan sutura ce. Na gaya musu tun 2017 FIBA ta halatta wasa da ɗankwali ko hijabin wasa, kuma za su iya sa dogon wando da riga mai hannu.

Na ba su safiyar Asabar, wata malama daga sashenmu za ta tsaya a kansu. Ƙwallonsu lamba 6 ce, tamu lamba 7, sai an sayo.

22 Fabrairu

Makarantar da ta lallasa mu a Nuwamba ta zo gidanmu. Sun sake cin mu, amma da maki tara, kuma har tsakiyar kwata na huɗu ana kai-komo. Zubar da ƙwallo ya ragu da kusan rabi. Matsin da suka kashe mu da shi wancan karo, sau biyu suka gwada, muka fasa shi da fas uku, suka haƙura. Dogon ya gama wasa da faul uku, ya koyi tsayawa da ƙafafunsa ya miƙa hannu sama kawai. Inda muka faɗi shi ne minti huɗu na ƙarshe: agogon daƙiƙa 24 ya riƙa cin mu saboda kowa na tsoron ya zama shi ya jefa ya ɓarar.

Wani babba a kwaleji ya ce mini a bakin fili, kayen dai kaye ne. Na ba shi labarin Baylor, wata jami'a a garin Waco na jihar Texas. A 2003 ƙungiyarsu ta ruguje gaba ɗaya: wani ɗan wasa ya kashe abokin wasansa, bincike ya tono maguɗin da kocin ke yi, ya ajiye aiki, manyan 'yan wasa suka watse zuwa wasu jami'o'i. Scott Drew ya karɓi aikin yana ɗan shekara 32, har sai da ya yi gwaji ga ɗalibai gama-gari don ya cika benci. Kakarsa ta farko wasa 8 ya ci, ya rasa 21. A kakar 2005 zuwa 2006 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta hana su buga kowane wasa a wajen rukuninsu, suka ci 4 suka rasa 13. Sai a 2008 suka shiga gasar ƙasa, karo na farko tun 1988. Kofin kuwa sai Afrilun 2021, da suka doke Gonzaga 86 da 70, ƙungiyar da ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar. Shekara goma sha takwas, koci ɗaya, jami'a ba ta kore shi ba.

Ba sai mun je Texas ba ma. Abin da ya sa Zariya ta zama gidan ƙwallon kwando a Arewa shi ne Oliver Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira OBJ, ya zauna a filin Jami'ar Ahmadu Bello shekaru gommai yana koya wa yara. A hannunsa Masai Ujiri ya taso, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Babban namu ya yi dariya ya ce shi dai ba zai kai shekara sha takwas a kujerarsa ba. Na ce uku nake roƙo.

12 Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, ga zafi ya fara, ga jarrabawa. Na dakatar da atisayen yamma. Bayan asham muke haɗuwa, sa'a ɗaya, a ƙarƙashin fitilun sola guda biyu da muka aro, kwando ɗaya kawai suke haskawa. Ba gudu mai yawa, jifa ne da firi-turo da aikin ƙafa. 'Yan wasanmu Kiristoci, waɗanda su ma suna cikin nasu azumin, su ke riga kowa zuwa su share fili.

Wani ya tambaya ko ɗan wasa na iya azumi ya yi wasa sosai. Na ce Hakeem Olajuwon yana azumi aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 a NBA. Amma na ƙara da cewa shi yana da likitoci da abinci na musamman, don haka su sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma kada in ga kowa a fili da rana.

Matsalar tsoron jifa ita muke magancewa a dararen nan. Ina ƙirga daƙiƙa biyar da baki, duk wanda ƙwallo ta samu a hannunsa dole ya jefa, kuma ko ta shiga ko ba ta shiga ba sauran sai sun tafa masa.

12 Afrilu

Mun ci wasa. Wata ƙungiyar matasan gari ce, ba makaranta ba, tazarar maki huɗu, kuma firi-turo ne ya raba mu a minti na ƙarshe. Wanda ya jefa su ɗan aji ɗaya ne da a Nuwamba ko zobe ba ya taɓawa. Yaran sun yi ta ihu har masu gadi suka leƙo. Na bar su suka more, sun cancanta.

3 Mayu

Sakamakon zangon farko ya fito, kuma wannan na fi jira fiye da wasan Afrilu. Cikin sha biyar, sha uku suna nan. Ɗaya ya koma gida saboda rasuwar mahaifinsa, shi ne babba a ɗakinsu, har yanzu muna waya kuma asusu ya yi alƙawarin rajistarsa in ya samu dawowa. Ɗayan ya bari da kansa, dokar zuwa atisaye ta yi masa tsauri. Mutum biyu sun kwaso kariyoba, na karɓe rigunansu kamar yadda na ce, za su ci gaba da atisaye amma ba wasa sai sun gyara. Dogon ya fita lafiya lau, na ba ɗan garinsu kwafin takardarsa ya kai wa Baba.

Abin da ke gabanmu yanzu TP ne. 'Yan aji biyun nan huɗu, ciki har da mai raba mana ƙwallo, zango mai zuwa za a tura su makarantu. Na rubuta wa ofishin da ke rabon ina roƙon a ajiye su a makarantun cikin gari don su riƙa samun atisayen yamma ko sau biyu a mako, shugaban kwamiti ya sa hannu a kan takardar. Ko an amince ko ba a amince ba, na fara koya wa 'yan aji ɗaya biyu riƙon ƙwallo, kowannensu yana jan rukuni guda a atisaye.

Damina na tafe, kuma kusurwar yamma ta filin ruwa na kwanciya a cikinta. Birkila ya duba ya ce buhun siminti huɗu zai isa a cike tsagar a fitar da magudana, za a kai maganar gaban asusu a taron ƙarshen wata. Kafin hutu kuma ina so mu zagaya sakandaren da ke kewaye da mu ranar Asabar, 'yan wasana su koyar, ni in duba 'yan ajin ƙarshe masu niyyar neman gurbi a kwalejinmu. Shugabannin makarantu biyu sun riga sun ba mu rana, za mu fara da ta bayan tasha ranar 10 ga wata.